Shinkafar da Na Ajiye a Ƙofar 'Yan Mishan

Assalamu alaikum Anti Rekiya. Don girman Allah ki taimake ni, ki daure ki karanta wannan wasiƙa har ƙarshe ko da ta yi miki tsawo. Maganar ta shekara da shekaru a raina, yanzu kuma ta kai inda ba zan iya ci gaba da haɗiye ta ba. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, to ni dai nawa ya cika. Sunayen da zan ambata na sauya su, ki bar su yadda na rubuta.

Ni 'yar Bauchi ce, Musulma, ƙaramar ma'aikaciya a ɗaya daga cikin ma'aikatun tarayya. Kin san albashin irinmu ba ya kama ɗaki a tsakiyar babban birnin tarayya, don haka a Karmo muke zaune, a irin gidan hayar nan mai ɗakuna a jere, ƙofa na kallon ƙofa, inda maƙwabci zai yi atishawa a ɗakinsa ka yi masa sannu daga naka. Maigidana Lukmanu direba ne a tashar Jabi. Ranar da aka sa dokar kulle ta korona ya kai fasinja Bauchi, aka rufe hanyoyi, ya maƙale a can. Na zauna ni kaɗai a ɗaki, daga ni sai rediyo sai tsoro.

Bango ɗaya ya raba ni da wasu tsofaffi biyu, Baba Enoch da matarsa Mama Rosemary. 'Yan mishan ne, mutanen Filato. Ba irin manyan fastocin da ake liƙa hotonsu a bakin titi da kwat da mota ba. Wata 'yar majami'a ce da su ta langa-langa a bayan kasuwa, mabiyansu kuwa 'yan dako ne da masu wankau da leburorin gini. Kafin kulle gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Gaskiya ma ɗari-ɗari nake yi da su, ina ganin duk fara'ar nan ta neman a ja mutum ce.

Zaman dole shi ya sa na san su, domin bangon nan ba ya riƙe sirri. Kowace safiya, da rana ta ɗan ɗaga, za su rufe ƙofa su yi waƙa, muryar Baba a shaƙe, ta Mama siririya tana rawa. In sun gama sai su shiga addu'a, su riƙa kiran sunayen mutanensu ɗaya bayan ɗaya, wane da matarsa, wance da 'ya'yanta, wane da ƙafarsa mai ciwo. Ina kwance wata rana na ji an ambaci sunana da na Lukmanu, ana roƙon Allah ya dawo da shi lafiya. Na tashi zaune. Ni da ban taɓa tambayarsu ko sun kwana lafiya da zuciya ɗaya ba, ashe kullum ina cikin bakinsu.

Ranar Lahadi kuwa abin ya fi ba ni mamaki. An rufe wuraren ibada, babu inda za su. Amma Baba zai yi wanka, ya sa farar rigarsa da ya goge da dutsen guga na gawayi, Mama ta ɗaura zanen zumuntar mata ta kafa ɗankwali, su zauna a ɗaki su biyu su yi sujadarsu tun daga farko har ƙarshe. Baba zai miƙe ya yi wa'azi sosai da ɗaga murya, alhali mai sauraronsa mutum ɗaya ce, wadda ta shekara da shekaru tana jin wa'azin nan. Da rana Mama ta zauna a bakin ƙofa tana yanka tsofaffin zannuwanta tana ɗinka takunkumin fuska da hannu tana rabarwa. Da wani ɗan dako a gidan ya kwanta da tari da zazzaɓi, kowa ya janye jiki, har da ni. Baba ne ya ɗaure hancinsa ya riƙa kai masa ruwa yana zubar masa da fo. Wallahi Anti, ni tsoro abin ya ba ni. Na kasa gane daga ina mutane ke samo irin wannan natsuwa, duniya tana rawa su ko gezau.

Ban taɓa zaton suna cikin yunwa ba. Me zai sa in zata? Kullum da hantsi Mama za ta fito da kurfoti ta hura gawayi ta ɗora tukunya a ƙofar ɗakinsu, ta rufe, tururi na tashi. In na wuce ta yi mini murmushi ta ce Allah yana nan, 'yata. Shi ke nan maganarta.

To sai azumi ya kama muna cikin kullen. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, tana da wata al'ada da na gada. Ranar ɗaya ga azumi takan auni hatsi ta ajiye a ƙofar wani mabuƙaci ba tare da kowa ya gan ta ba. Tana kuma da doka a kai: abin da ya fita daga ɗaki da niyyar sadaka ba ya komawa ɗaki. Ni albashina yana shigowa duk da ba ma zuwa ofis, don haka na auni shinkafa da wake, na haɗa da ɗan manja da daddawa a leda. Niyyata wata bazawara ce mai wankau a ɗakin ƙarshe. Na fito da hantsi tsakar gida ba kowa, na je na tarar da kwaɗo a ƙofarta. Ashe ta samu hanya ta sulale ƙauyensu ban sani ba.

Na tsaya da leda a hannu kamar wata sakarya. Komawa ɗaki dai babu, muryar Inna ba za ta bar ni ba. Ƙofar da ta fi kusa da tawa ita ce ta su Baba, a rufe, suna ciki suna waƙa, tukunyar Mama na tafasa a waje. Har na ce a raina, waɗannan da ke ɗora tukunya kullum me za su yi da 'yar shinkafata? Na dai dire ta a gefen kurfotin na shige ɗakina da sauri, ina jin haushin kaina cewa sadakar bana ta faɗa inda ba a buƙatarta.

Ba a jima ba na ji an buɗe ƙofa. Sai na ji Mama ta saki wani irin kuka da ban taɓa jin tsohuwa ta yi ba, tana kiran Baba da sunansa. Suka koma ciki suka fara waƙa, suna yi suna shessheƙa. Da yamma Mama ta dafa abincin nan kaf, ba ta rage ko ƙwaya ba, ta bi ɗaki-ɗaki tana rabawa. Ana gab da kiran magariba ta ƙwanƙwasa mini ƙofa da kwano a hannu, wai in yi buɗa-baki, tunda ni kaɗai ce ba mai dafa mini. Da shinkafata na sha ruwa ranar, ina ci hawaye na zuba.

Daga nan na ci gaba. Duk bayan 'yan kwanaki, in na ji sun rufe ƙofa sun fara waƙa, sai in lallaɓa in ajiye abin da ya samu, har aka sassauta dokar aka buɗe wuraren ibada. Ko Lukmanu ban gaya wa ba da ya dawo.

Ban san zurfin abin ba sai ranar auren ɗansu Nathan. Lokacin kullen yana hidimar ƙasa can kudu, daga baya ya samu aiki a wata cibiyar bincike a Sheda, ya auri wata yarinya mai hankali, Vivian. An gayyace mu liyafa. Baba ya miƙe zai sa albarka, sai ya ce bari ya ba da shaida. Ya ce tun ranar da shi da Mama suka shiga aikin bishara suka yi wa Allah alkawarin ba za su taɓa faɗa wa ɗan Adam buƙatarsu ba, ko da ɗan cikinsu ne, sai shi kaɗai. Da aka rufe majami'u baikon da masu ibada ke bayarwa ya tsaya, masu taimakonsu ma kowa ta kansa yake yi. Abinci ya ƙare ƙaf. In Nathan ya bugo waya sai su ce lafiya lau. Ya ce tukunyar da Mama ke ɗorawa kwanaki ruwa ne zalla a ciki, domin ta ce ita nata ɗora tukunya, abin zubawa na Allah ne. A safiyar da jiri ya fara ɗibar Mama har ta kasa tsayuwa a waƙa, a safiyar suka buɗe ƙofa suka ga leda. Ya ce Allahn da ya aiki hankaki su ciyar da annabinsa a jeji bai tsufa ba.

Wurin ya ɗauki tafi da guɗa. Ni kuwa na sunkuyar da kai a kujerata. Anti, ban san komai ba fa. Ba tausayinsu na ji ba, ba don su na auna ba. Da bazawarar nan ta ƙara kwana ɗaya a Karmo, da ita ta ci shinkafar. Har yau in na tuna sai in ji na zama 'yar mitsitsiya. Wa ya sa kwaɗo a waccan ƙofa, wa ya tsayar da ni a wannan?

Ga inda matsalar take. Nathan ya ɗauki labarin nan ya sa a ransa. Yanzu ya ce ya ji kira, zai ajiye aikinsa ƙarshen watan nan, ya kwashi Vivian da jaririyarsu su koma wani ƙauye can bayan Sheda inda mota ba ta shiga da damina, su yi aikin bishara a kan irin alkawarin iyayensa. Ba albashi, ba roƙo, ba faɗa wa kowa buƙata. Vivian ta shaƙu da ni, Anti take kirana. Ta zo ɗakina ta yi kuka har idonta ya kumbura. Ta ce ba aikin Allah take ƙi ba, ta yarda ta je ƙauye, amma jaririyar nan ba ta da ƙwari, yau lafiya gobe asibiti, kuma duk lokacin da ta ce su nemi masu tallafa musu ko ya riƙe aikin na ɗan lokaci, sai ya ce mata Allahn da ya ajiye shinkafa a ƙofar iyayensa ya san hanyar ƙauyen. In ta ƙara magana ya ce bangaskiyarta ce ƙarama. Tana faɗa ina kallonta, na san gaskiyar amma ban faɗa mata ba.

In na yi shiru, ina ganin da ledata za a kai yarinyar nan da jaririyarta inda ba asibiti, kuma a can babu wata ni a bayan bango. In na faɗa, ina tsoron in rushe wa Baba abin da ya fi daraja a rayuwarsa. Ya tsufa sosai, idonsa ya kusa tafiya, labarin nan shi ne abin da yake ba duk wanda ya zo gaishe shi. Yaya zai ji in ya san ba hankaka ba ne, maƙwabciyarsa ce Musulma, ita ma bisa kuskure? Ga kuma ladan sadakata, da aka ce hagu ma kar ta san abin da dama ta bayar. Sannan ni kaina, wace ce ni da zan ce ba Allah ne ya ajiye ba? Gaba kura baya sayaki. Ki ba ni shawara kafin wata ya ƙare.

Taki,
Maƙwabciya daga Karmo

*

Wa'alaikumus salam, Maƙwabciya. Wasiƙarki ta sa shayina ya huce a gabana ban sani ba. Na daɗe a filin nan, yawanci rikicin maƙwabta ake kawo mini a kan igiyar shanya da kuɗin wuta. Yau na karanta na ce Allah mai iko.

Bari in fara da tsoronki na farko, domin ina ganin kin raina Baba Enoch. Mutumin da ya tsufa yana rayuwa a kan wannan alkawari ya sha ganin yadda taimako ke zuwa, kuma ya san da ƙafa yake zuwa. Leda ce ya gani, da manja da daddawar kasuwa. Bai ce daga sama ta faɗo ba, cewa ya yi Allah ne ya aiko. Ke ma abin da kika ce ke nan a ƙarshen wasiƙarki. A wannan gaɓar babu saɓani tsakaninku, mu da su duk mun yarda Allah yana aikinsa ta hannun bayi, wani lokaci bawan bai ma san an aike shi ba. Sanin sunan ɗan aike ba ya rage girman wanda ya yi aiken. Ni a ganina labarin da ke hannunki ya fi wanda Baba ke bayarwa ban mamaki.

Batun lada kuma, ki kwantar da hankalinki. Abin da ake gudu shi ne riya da gori. Wadda ta riƙe magana shekaru, ko mijinta bai ji ba, ba neman yabo take yi ba. In zuciyarki ba ta natsu ba ki tambayi malamin da kika yarda da shi, amma ban ga yadda faɗa wa mutum ɗaya don kare wata baiwar Allah zai zama fahariya ba.

Sai dai ki kula da ɗaya gefen. Kar ki ɗauki sirrin nan kamar sanda ki je ki buge Nathan da shi. Ko an kira shi ko ba a kira shi ba, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne da dattawan majami'arsu, ba hurumina ba ne, ba naki ba. Kar kuma ki zaci da ya ji zai fasa. Mai yiwuwa ma ya ƙara ƙaimi, ya ce kun gani, har Musulma Allah ya aika. Kuma kar ki fara da Vivian. In ta ji daga bakinki, ranar da gardama ta yi zafi za ta jefa masa, ya ji an tozarta iyayensa, ke kuma ki zama wadda ta shiga tsakanin miji da mata.

Wurin Mama Rosemary za ki je. Ki same ta ita kaɗai, ki zauna kamar 'ya a gaban uwa, ki ba ta labarin yadda kika ba ni, har da kwaɗon da dokar Inna. Ita ta san mijinta, ita za ta san ko a gaya masa da yadda za a gaya masa. Sannan ki roƙe ta abu biyu. Na farko ta zaunar da ɗanta ta ba shi rabin labarin da ba a tafa masa a wurin biki, wato yadda yunwa take a jikin mace, da abin da ta ji a ranta a kwanakin da ba a ajiye komai ba. Nathan ta waya ya yi kullen nan, lafiya lau kawai ya ji. Na biyu, kuma shi ne babba, ta tuna masa cewa alkawarin nan su biyu suka ɗauka, ita da Baba, kowa da bakinsa. Vivian ba ta ɗauka ba tukuna, jaririya kuwa ba ta da bakin ɗauka. Ba a ɗora wa mutum irin wannan kaya sannan in ya yi nishi a ce bangaskiyarsa ce ƙarama. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, Mama za ta gane wannan tun kafin ki rufe baki.

Ita Vivian ki ba ta shawarar ta nemi su je gaban dattawan mishan ɗinsu tare. Yawancin masu wannan aiki suna da hanyoyin da suke bi, akwai masu tallafi, akwai gwaji na ɗan lokaci kafin a tare gaba ɗaya. Nathan zai iya tambaya a wurin aikinsa ko ana ba da hutu ba albashi, ya je ya ga damina ɗaya a ƙauyen da idonsa. Su kuma ji ta bakin likitan jaririyar kafin a ɗaure kaya. Duk wannan ba ya hana dogaro ga Allah. Mu ma an ce mana a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali.

Bayan haka ki cire hannunki. In sun zauna sun yarda su biyu za su tafi, ki raka su da addu'a, ki karɓi lambar wani a ƙauyen, ki riƙa kira kina tambaya, tunda yanzu kin san irin mutanen nan ba sa faɗa. Amma zuwa wurin Mama kam, kar ki ce sai jibi. Maganar da aka yi kafin a ajiye aiki ita ce shawara, wadda aka yi bayan an ajiye jaje ce.

Allah ya jiƙan Inna, ya ƙara wa Baba da Mama lafiya, ya raya jaririyar Vivian, ya haɗa kan iyayenta a kan abin da ya fi alheri. Ke kuma Allah ya karɓa, ya sa ki faɗa a kan gaɓa.

Taki,
Anti Rekiya